Dillali ya ce in zuba kaya a filat ɗin marayu, baffansu ya ce ban isa ba

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah a sakaya sunana. Ni a Kano nake wajen Gyaɗi-Gyaɗi, mijina ya rasu shekara biyu kenan ya bar ni da yara uku, mata biyu namiji ɗaya. A cikin abin da ya bari akwai filat mai ɗaki biyu da falo a jikin gidan da muke ciki amma ƙofarsa daban, da aka raba gado ya faɗo a kason yara, kuma da kuɗin hayarsa nake biyan makaranta. Wanda yake ciki ya tashi yau wata 7, dubu 900 muke nema a shekara, mutane sai su zo su duba su ce za su dawo shikenan. Wani dillali ya ce min in na zuba kaya, gado, kujeru, firji, talabijin, AC, zai kawo min likitoci su kama a miliyan 1 da dubu 800. Na sa an yi min lissafi ya kama miliyan 3 da rabi. Ina so in sayar da sarƙata ta gwal da warwaro, in kuma kai gadona da kujeruna na aure don kuɗin ya ragu. Baffan yara ya ce sam, a rage kuɗi a ba mai iyali, wai gida mai kaya gwauraye yake jawowa ga shi ina da 'yan mata, har ya ce ba dukiyata ba ce da zan yi gwaji da ita. Wallahi maganar nan ta min ciwo, kwana biyu ban yi barci ba. Mama ma ta ce kar in taɓa gwal ɗina. Ga kuɗin makaranta na matsowa. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan maigidanki ya sa ya huta, ya raya miki yaran nan ya sanya musu albarka.

Na karanta saƙonki har sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya min ba maganar kujeru ba ce, maganar baffa ce da kika ce ta hana ki barci. Dole ta yi ciwo mana, macen da take shirin cire sarƙar wuyanta saboda yara a ce mata tana gwaji da dukiyarsu, haba. Ke ce kike jin ƙarar ƙararrawar makaranta a kunnenki, ke ake miƙo wa takardar kuɗin zango, shi kam sai dai ya zo ya gaishe ku ya tafi. To amma ki yi haƙuri da ni, zan faɗa miki gaskiya tun da ita kika zo nema: furucinsa ya yi kaushi, amma a cikin kaushin akwai abin ɗauka, zan dawo kansa. Mu fara da lissafi tukunna don shi ba ya jin haushin kowa.

Dubu 900 a shekara yana nufin dubu 75 duk wata. Wata 7 a rufe, kinga dubu 525 sun riga sun tafi ba za su dawo ba, kuma duk watan da ya ƙaru kuna jayayya wata dubu 75 ɗin ce ta bi ruwa. Wannan ɗaya. Na biyu, a ce maganar dillali ta tabbata ɗari bisa ɗari, ƙarin da za ki samu dubu 900 ne a shekara, ke kuma kin zuba miliyan 3 da rabi. Sai kin yi kusan shekara huɗu kafin ki maido kuɗinki, kuma wannan in gidan bai sake zama ko wata ɗaya ba mutum ba, in AC bai lalace ba, in firji bai ƙone ba, in katifa ba ta lotse ba. A shekara huɗu a zafin Kano da ƙurar hunturu kujerar da baƙo yake zama a kai ba tasa ba, kin san yadda za ta koma. Lokacin da za ki ce na fara cin riba lokacin ne za a ce miki a sake yadi a sake soso. Gwal kuwa yana nan a akwati bai ci ba bai sha ba, kuma ke shaida ce yadda naira ta yi tun 2023 da aka cire tallafin mai aka kuma saki farashin dala, wanda ya sayar da gwal ya sayi kujera a lokacin, yau ba zai iya maido gwal ɗin ba ko ya sayar da kujerar sau uku. Mama ta yi gaskiya, kar ki taɓa shi. Gwal ɗin bazawara mai yara uku na ranar asibiti ne, Allah ya kiyaye, ba na adon falon wani ba.

Shi kuma dillali ban ce maƙaryaci ba ne, sana'arsa yake. La'adarsa a kan kuɗin haya take, galibi kashi 10 cikin 100, in haya ta ninka tasa ta ninka, in kaya sun yi kwantai a ɗaki ba ƙwandalarsa a ciki. Ki tambaye shi abu ɗaya kawai cikin raha: malam ina likitan? Ya kawo mutum da ƙafarsa ya ga gidan ya faɗi abin da yake so da abin da zai biya. In ya fara za su zo in an zuba kayan, to cinikin biri a sama ne.

Yanzu tambayar da nake so ki zauna da ita, don ina ganin a nan matsalar take: me ya sa mutane suke zuwa su duba su tafi? Unguwarku ba lungu ba ce, ga asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano a kan titin Zariya, ga Court Road, ga Zoo Road, wajen da ake neman gida ne. In gida ya yi wata 7 a irin wannan wajen, da wuya a ce rashin gado ne ya kore su, mu nan ai yawancin masu kama gida da kayansu suke zuwa, amarya ma iyayenta ne za su jere ɗaki, in ta tarar da gadonki ina za ta kai nata? Abin da ke korar mutane yawanci abu ne da mai gida ya saba gani har idonsa ya daina ganinsa. Ki samu wata ƙawarki mai baki wadda ba ta jin kunyarki, ki ba ta mukulli ta shiga ita kaɗai kamar mai nema, ta fito ta faɗa miki. Ta murɗa famfo ta ga ko ruwa na zuwa, ta ja ruwan masai, ta shinshina banɗaki da kicin, ta ɗaga kai ta ga silin ko akwai tabon yoyo, ta duba bango ko danshi ya kumbura fenti, ta buɗe tagogi ta ga raga ko a yage take, ta ja ƙofa ta ji ko tana rufuwa. Za ki sha mamakin abin da za ta lissafo.

Mai neman haya a Kano yau kafin ya kalli launin labule abu biyu yake tambaya, ruwa da wuta. Ruwa daga ina, rijiya ce ko bohol, akwai tanki a sama ko sai an jira mai kura da jarkoki? In kuna da bohol a babban gida, jawo bututu zuwa filat ɗin da ɗora masa tanki nasa ya fi masa talabijin mai faɗin bango. Wuta kuma, mita ɗaya kuke sha ko kowa da tasa? Wallahi babu abin da ke haɗa mai gida da ɗan haya faɗa kamar mita ɗaya, musamman in an sa AC. Tun Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wuta na layin da ake kira Band A zuwa naira 225 kowane yunit, mutane suka koyi tambayar wane layi gida yake kafin su tambayi ɗaki nawa ne. Ki nema masa mitar kati tasa daban a wajen kamfanin wuta na KEDCO, in abin zai ɗau lokaci a sa ƙaramar mita ta cikin gida da ke ƙirga abin da ɓangaren ya sha. In da sauran kuɗi, ɗan ƙaramin sola da zai riƙe ƙwai da fanka da cajin waya cikin dare a watan Afrilu, shi ne abin da zai sa mutum ya ce na kama tun bai fita daga falon ba. Wanda ya kwana asibiti yana aiki ya dawo da safe barci yake so ƙarƙashin fanka mai juyawa, ba ruwansa da zanen jikin gado.

Sai fenti. Fari ko ruwan madara, shikenan, dan Allah kar ki bari mai fenti ya lallaɓe ki da shuɗi a ɗaki ɗaya ruwan hoda a ɗaya. A wanke tayil da kyau, wanda ya fashe a canza, a sa sabon murfin masai, a canza kan famfon da ke ɗiga, a sa ƙwai mai haske a ko'ina har ƙofar waje, a yi feshin kyankyaso da gara, a canza mukullai. Waɗannan duka a Ƙofar Ruwa za ki same su, kuma ki je da kanki ko ki tura wanda kika yarda da shi, kar ki ba mai aiki kuɗin kaya a dunƙule. Ranar da za a zo dubawa a buɗe tagogi tun safe, a ɗan sa turaren wuta mara ƙarfi, gidan da ya daɗe a rufe yana da wani wari da ke sa mutum ya ji kamar an mutu a ciki. Hoto ma ki ɗauka da rana tsaka, ba da daddare da hasken tocilan ba, ki yi ɗan bidiyo daga ƙofar shiga har banɗaki da famfo a buɗe ruwa na zuba, ki ɗora a WhatsApp ki roƙi 'yan'uwa su tura.

To in an gama wannan, maganar kaya fa? Ba na ce ki watsar da ita gaba ɗaya ba, don akwai masu buƙatar gida mai kaya da gaske a wajenku. Sabbin likitoci da ke horon shekara ɗaya bayan sun gama makaranta, ma'aikatan jinya da aka ɗauka daga wata jiha, ma'aikacin banki da aka yi wa canjin wajen aiki iyalinsa suna Kaduna ko Jos, waɗannan ba sa son sayen gadon da bayan shekara za su rasa yadda za su yi da shi. Amma su ma abin da suke so kaɗan ne. Gado mai ƙarfi mara ado, na ƙarfe ko na katako na gaske, da sabuwar katifa irin su Vitafoam ko Mouka da rigarta mai hana ruwa shiga. Katifa kam kar ki sayi ta hannu ko da rabin kuɗi ce, kuɗin cizo in ya shiga gida sai kin ƙona kayan kafin ki rabu da shi. Wajen rataye kaya, tebur da kujera na karatu, labule mai kauri da zai tare rana da ƙura wanda za ki yanko yadinsa a Kantin Kwari tela ya ɗinka, fanka a kowane ɗaki, kanta a kicin. Falo kujera mai zaman mutum uku da ƙanana biyu sun isa, ta yadi mai duhu wadda ake cire rigarta a wanke, ba ta leda ba, ledar nan ta zamani zafi biyu take yi ta fara saɓulewa kamar fatar maciji. Ki guji allon nan na garin katako da ake matsewa, yana da kyau a shago amma ruwa na taɓa ƙafarsa ya kumbura. Kafet daga bango zuwa bango ma a'a, tayil ya wadatar. Talabijin, AC, tukwane, zanin gado, duk ki bar wa mai shiga, in yana son AC ki sa a yi masa waya da wajen ɗaurawa ya kawo nasa. Firji ne kawai zan ce a yi shawara, shi ma ƙarami.

Kuma ga dabarar da za ta raba ki da sayar da komai. Tun da haya a nan ta shekara ake biya gaba ɗaya, ki tallata gidan da farashi biyu, ba kaya kaza, da kaya kaza. Wanda ya zaɓi da kaya ya biya, ki ce ya ba ki sati biyu, da kuɗinsa za ki sayi kayan, shi ma ya samu sabbi kuma har ya faɗi irin katifar da bayansa ke so. In mai iyali ne ya riga zuwa da kayansa, alhamdulillahi, ba ki yi asarar sisi ba.

Kayan aurenki kuma, 'yar'uwa ki bar su inda suke. Na farko ba za su ja miki kowa ba, gadon amarya mai ƙaton kai da madubi da kujeru masu ruwan zinari cika ɗaki suke yi, saurayin likita zai shiga ya ji kamar ya kwana ɗakin yayarsa. Na biyu kuma, wanda ya fi, a kan kujerun nan kuka zauna da marigayi, a kansu yaranku suka koyi tsayuwa. Ranar da kika shiga kika ga an ɗora tukunya mai zafi a hannun kujerar ko an zubar da shayi an bar shi ya bushe, ba lissafin haya za ki yi ba kuka za ki yi, kuma za ki tsani ɗan hayar da bai san ya yi laifi ba. Sannan in kin kwashe su ku a kan me za ku zauna?

Mu dawo kan baffa. Da ya ce ba dukiyarki ba ce, ta fuskar shari'a haka ne, ke tumunin takabarki kika samu, filat ɗin na yara ne. Amma ki juya maganar ki ga, kariya ce gare ki. In kika zuba gwal ɗinki a gidan da ba naki ba ba tare da rubutu ba, shekara goma nan gaba yara sun girma, mata sun yi aure mazajensu sun shigo cikin magana, wa zai tuna miliyoyinki? Ko kuma a ce kin ci kuɗin hayar marayu alhali bashinki kike cirewa. Don haka ko gyaran fenti da famfon nan da na lissafa, in daga aljihunki zai fito ko daga adashinki, a rubuta cewa rance ne kika ba gidan za ki cire daga hayar farko, baffa ya sa hannu, wani daga danginki ya sa hannu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ba rashin yarda ba ne. Ki sayi littafi guda na filat ɗin kaɗai, abin da ya shigo, abin da ya fita, rasit a maƙale.

Tsoronsa na gwauraye ma kar ki yi fatali da shi, kina da 'yan mata kuma katanga ɗaya ce tsakaninku, ke ma in kin kwanta kin san kin yi wannan tunanin. Sai dai kaya ba su ke zaɓar ɗan haya ba, ke ce za ki zaɓa. Ɗaki biyu ne, me zai hana ki nemi mata biyu ma'aikatan asibiti su haɗa kuɗi kowa ta ɗau ɗaki? Su sun samu gida kusa da aiki kuma kusa da uwa, ke kin samu kwanciyar hankali, baffa ya rasa abin faɗa, wataƙila ma babbar 'yarki ta samu mai duba mata darasin kimiyya. Abin da ni ma zan hana ki shi ne hayar kwana-kwana irin wadda ake yi a Abuja, in wani ya zo miki da ita yana cewa ana samun kuɗi lokacin bukukuwa. Wannan aikin otal ne, wanki, shara, man janareta, baƙuwar fuska kullum a ƙofarki, mutanen unguwa kuma ba za su tambaye ki ba sai dai su yi ta faɗa a bayanki.

Yadda za ki tunkare shi, kar ki je kina kare kanki kuma kar ki aika yaro. Ki sa Mama ko wani babba da yake jin nauyinsa a zauna, ki ce Baffa na yi tunani na fasa sayar da gwal, na fasa zuba kayan miliyoyi, ga abin da gidan yake buƙata ga kuɗinsa, ina so ka taya ni tsayawa a kan masu aikin kuma duk wanda zai shiga sai ka gan shi. Namiji irin wannan sau da yawa ba kuɗin ne damuwarsa ba, ji yake an mai da shi ɗan kallo a kan 'ya'yan ɗan'uwansa. Ki ba shi aiki. In kuma kin ga fuska, a ƙarshe ki faɗa masa a hankali cewa kalmar nan ta gwaji ta taɓa ki, don kar ta zauna miki a ciki. Shawararsa ta rage kuɗi ita ma ki riƙe ta a hannu, in an gyara an yi wata ɗaya ba wanda ya tsaya, sauke dubu 100 ya fi miki, tun da wata ɗaya da rabi a rufe ya riga ya cinye fiye da haka.

Duk wanda zai shiga, ko ɗan limamin unguwa ne, a yi takardar yarjejeniya wajen lauya. A rubuta wa zai gyara me, mutum nawa za su zauna, ba a saka wani a madadinsa sai da izini. In da kaya a lissafa su ɗaya bayan ɗaya da hotonsu ranar shiga, kowa ya sa hannu, a karɓi kuɗin ajiya na ɓarna wanda za a mayar masa in ya fita lafiya, kuma ki ajiye kuɗin nan gefe kar ya shiga cefane. Ki san inda yake aiki, ki san wanda ya tsaya masa.

Kuɗin makaranta kuma kar ki jira sai an koro su, gobe ki shirya ki je ki ga shugaban makarantar ki ce masa marayu ne, hayar da ake biya da ita ta tsaya, a raba miki biyu ko uku. Baffa ma ki faɗa masa adadin ƙarara a zaman nan, zangon nan ɗaya ya kamata dangin uba su sa hannu. Ki fara tura ƙawar taki da mukulli cikin satin nan, abin da ta gano ki rubuto min mu ga wanne za a fara.